A Koya Wa Yaranmu Zane Da Ka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake kawo zancenta a shafin wasiƙu ba, wato zane. Na shafe shekara talatin da 'yan kai ina koyar da zane a makarantun sakandare a nan Jihar Kebbi kafin in yi ritaya, kuma abin da zan faɗa ya shafe ni kafin ya shafi kowa.

A 'yan shekarun nan Allah ya albarkace mu da matasa masu hannu a Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri da Zuru, waɗanda ke ɗaukar biro ko fensir ko gawayi su zana fuskar mutum har mai kallo ya kasa bambanta ta da hoton kyamara. Yadda suke yi sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da su: a buɗe hoton a waya, a raba shi gida-gida da layuka, a raba takarda kamar haka, sannan a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ana kwashe abin da ke ciki, tun daga gashin gira har zuwa ɗigon zufa. Idan an gama a sa a Facebook ko TikTok, jama'a su yi ta cewa wallahi kamar hoto. Ban raina wannan aiki ba ko kaɗan, domin na san haƙurin da yake ci, na kuma san yaran da ke biyan kuɗin makaranta da shi. Amma kwanakin baya ɗaya daga cikinsu ya kawo mini ziyara da zanen wani basarake wanda ya ce ya yi mako uku a kansa, na yaba masa iyakar yabo, sannan na roƙe shi ya sa wayarsa a aljihu ya zana mini mace tana daka. Ya riƙe fensir ya daɗe yana duban takarda, ya ja layi ya goge, ya sake ja ya goge, daga ƙarshe ya ɗago ya ce, "Baba, sai dai in samo hoton." Yaron nan a gidan da ake daka kullum ya tashi, ƙarar taɓarya ce ke tashinsa da safe, amma bai san inda gwiwar hannun mai daka take kaiwa ba idan ta ɗaga taɓarya, bai kuma san yadda bayanta ke ranƙwafawa idan ta sauke ba.

Ban ga laifinsa ba, domin ni ma na tsaya a wannan matsayi, kuma ina da furfura lokacin da na tsaya.

Yadda aka koya mana zane, kuma yadda muka koyar, shi ne a ajiye tulu ko ƙwarya ko butar shayi a kan tebur, ɗalibi ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawo da faɗi da babban yatsa, ya lura da inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, ya sauke a takarda. Wannan horo ne mai kyau, kuma har gobe da shi zan fara wa kowane yaro, saboda shi ke koya wa ido ya daina zato ya riƙa duba. Na ƙware a kansa gwargwadon hali. Duk lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro tun 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garin nan, nakan je bakin Matan Fada, kogin da ake kamun kifin a cikinsa, da littafin zanena. Sai dai wanda ya taɓa ganin wannan su, wato kamun kifin, ya san ba abu ne da ke jiran mai fensir ba. Da an ba da alama dubban mutane ke rugawa cikin ruwa da homa, wato tarun hannu, da gora, ƙura ta tashi, ruwa ya dagule, kuma cikin kamar awa ɗaya an gama. Saboda haka a bakin ruwa nakan zana makaɗa da 'yan kallo da ke zaune, shi kuwa sun kansa sai in jira masu hoto su wanke hotunansu in saya in kwafa a gida. Haka na yi shekara da shekaru, ina ganin na san su ciki da waje.

Sai aka shiga shekarun nan kusan goma da ba a yi bikin ba, kafin a dawo da shi a 2020. A cikinsu ne wani jikana da bai taɓa gani ba ya tambaye ni yadda ake yi, ni kuwa na ce bari in zana masa. Hotunan da nake da su duk an ɗauke su ne daga tudu, daga nesa, ni kuma abin da nake so in nuna wa yaron shi ne abin da masunci ke gani daga tsakiyar ruwa, jirgin makaɗa na wucewa ta gefensa, giwan ruwa na fizge homa. Babu hoton wannan a hannuna. Na kwana uku ina fama, abin da ya fito kuwa mutane ne sandararru kamar an kafa turaku, hannuwansu ba su riƙe da komai da gaske. Na kai wa wani dattijon masunci maƙwabcina, ya karɓa ya nisanta takardar daga idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa yatsa a kan jirgin ya ce, "Malam, wanga jirgi naka bisa ruwa ya zamna kamar tasa bisa tabarma. Jirgin da ad da mutum huɗu ciki, rabinai na cikin ruwa." Ya kuma nuna mini cewa na ba kowane masunci homa ɗaya, alhali biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, a buɗe su a haɗe bakinsu a kan kifi. Na kwafi wannan homa daga hoto ya fi sau hamsin, ban taɓa tambayar kaina yadda take aiki ba.

A ranar na gane cewa duk tsawon shekarun nan abin da idona ya gani hannuna yake miƙa wa kai tsaye, ba ya biyawa ta cikin kaina balle ya zauna. Mai kwafa yana bin gefen abu da duhun inuwarsa ne kawai, kuma yana iya gama zanen jirgi tsaf ba tare da ya san nauyin jirgi ko zurfin cikinsa ba. Wanda zai zana da ka kuwa dole ya san yadda aka gina abin, ya san bayansa da ƙarƙashinsa waɗanda hoto bai nuna ba, domin shi ne zai juya shi yadda yake so, shi zai yanke daga ina rana take haskawa, shi zai zaɓi inda mai kallo ke tsaye.

Na koma ɗalibi, kuma zan bayyana yadda na yi dalla-dalla saboda ina fatan wani malami ko wani yaro zai gwada. Nakan je kasuwa in tsaya in kalli jaki na minti biyar, hannuna a aljihu, ba takarda. Sai in koma inuwa, in ba jakin baya, in zana abin da na riƙe. Sannan in koma in gwada zanen da jakin. Duk inda suka saɓa, nan ne ilimina ya ƙare, kuma washegari wannan wurin kaɗai zan je in duba. Ta haka na gano cewa gaɓar nan ta ƙafar bayan jaki da ke lanƙwasawa ta baya, wadda na ɗauka gwiwa ce, daidai take da dunduniyar mutum, gwiwar ta gaskiya tana can sama kusa da ciki. Da na san wannan, sai ƙafar doki da ta akuya da ta raƙumi duk suka buɗe mini lokaci guda, na iya sa su gudu ko kwanciya ba tare da na nemi hoto ba. Na ɗauki gora guda na ajiye a ɗaki, na zana ta daga sama, daga ƙasa, a karkace, a kife, rabinta a cikin bahon ruwa, har na kai ina iya juya ta a zuciyata kamar tana hannuna. Na koyi mayar da kowane abu zuwa sassauƙan siffofi kafin in sa masa ado: ƙirjin mutum kamar akwati, cinya kamar gwangwani, kai kamar ƙwai. Na koyi fara kowane zane da layi ɗaya da ke nuna tsayin idon mai kallo, domin wannan layi ne ke hukunta wanda za a ga saman kansa da wanda za a ga ƙarƙashin haɓarsa, kuma rashinsa ne ke sa taron mutane ya fito kamar kowa na tsaye a ƙasarsa daban. Kafin babban zane kuma nakan yi ƙanana kamar girman kwalin ashana guda goma ko ashirin, ina sauya wurin jirgi da wurin rana, har in sami wanda ya zauna.

Abin da ya fi wuya a duk wannan shi ne zuciya. Mutumin da aka saba yaba wa zanensa sai ga shi yana fitar da abin da ɗan aji ɗaya zai yi, wata da watanni, kuma hoto na nan kusa yana kiransa ya dawo ya huta. A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke komawa, kuma ina ganin wajibin malami ne ya gaya wa ɗalibi tun farko cewa zanensa zai lalace kafin ya gyaru, don kada ya ɗauka basirarsa ce ta gudu.

Daga baya na karanta cewa wannan hanya tsohuwa ce. A birnin Faris, a ƙarni na 19, wani malami mai suna Lecoq de Boisbaudran yakan tura ɗalibansa su je su ƙare wa abu kallo su dawo su zana shi da ka, kuma mashahurin masassaƙin nan Rodin yana cikin waɗanda suka bi ta hannunsa. A zamaninmu kuma an yi Kim Jung Gi na Koriya ta Kudu, wanda ya rasu a 2022, wanda ke tsayawa gaban farar takarda mai faɗin bango a gaban jama'a ya cika ta da mutane da dabbobi da injuna da tawada kai tsaye, ba fensir ba gogewa. Matasanmu na kallon bidiyonsa suna cewa baiwa ce kawai, alhali mutumin ya shafe rayuwarsa tun yana yaro yana kallon abubuwa yana zana su har suka zauna masa. Mu kuwa ba mu buƙatar zuwa nesa neman misali, domin a kowace tsangaya almajiri na rubuta allonsa yana duban takarda, ya biya har ya riƙe, ya wanke, ya ci gaba, har ranar da zai zauna ya rubuta da ka ba tare da ya duba ba. Ban haɗa darajar karatun Alƙur'ani da zane ba, hanyar koyon kawai nake nunawa: duba, riƙe, kawar da abin dubawa, fitar da abin da ka riƙe, a gyara maka. Mun san wannan tsari tun kaka da kakanni, amma ba mu taɓa shigar da shi ajin zane ba.

Kada kuma wani ya fahimce ni da cewa a daina kallo a koma ƙaga abu daga iska. A 1515 an kai wata karkanda daga Indiya zuwa Lisbon ta ƙasar Fotugal, sai Albrecht Durer, gwanin zane na Jamus, ya zana ta ba tare da ya taɓa ganinta ba, ya dogara da wasiƙa da ɗan zanen da wani ya aiko. Ya yi mata fata kamar sulken ƙarfe, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda babu shi a jikinta, kuma saboda kyan zanen Turawa suka yi ta kwafarsa a littattafai sama da shekara ɗari biyu a matsayin kamannin karkanda. Idan gwani irin wannan ya kuskure saboda bai gani ba, to yaron da bai taɓa tsayawa ya kalli jaki ba me zai fitar? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kallo shi ne noman, zane da ka kuma ɗiba ne daga rumbu, kuma kuskurenmu shi ne mun koya wa yara noma ba mu gina musu rumbun ba.

Abin da ke ƙara ba ni takaici shi ne zane da ka gadonmu ne. Maginin da ke yi wa fuskar zaure ado da dagi ba ya riƙe da hoto a hannu. Mai ƙona zane a bayan ƙwarya, da mai fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da mai zayyanar allo, da mai zanen hula, da yarinyar da ke yi wa amarya lalle, duk daga ka suke ɗebowa, suna sarrafa abin da suka gada suna ƙara nasu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ga bakan gizon ginin nan a zuciyarsa kafin a kwaɓa ƙasar farko. A Zariyar nan dai, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su tsaya ga tsarin da aka kawo daga Ingila kaɗai ba, za su haɗa shi da abin da suka taso a ciki. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo, kuma da wannan ne duniya ta san su. Ga waɗanda ke kauce wa zana mai rai saboda abin da suka karanta a wurin malamansu kuwa, ina girmama matsayinsu, ina kuma shaida musu cewa filin zane da ka ya fi na kwafar fuska faɗi a gare su nesa ba kusa ba, domin akwai birane da ganuwa da jiragen ruwa da kasuwanni da fadamun shinkafa da ado iri-iri da ke jiran mai zana su.

Ya Edita, dalilin da ya sa na ga maganar ta cancanci jarida shi ne mafi yawan tarihinmu ba shi da hoto. Babu wanda ya ɗauki hoton Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, babu hoton Surame, babban birninsa, lokacin da take cike da mutane a ƙarni na 16, sai kufai da ragowar ganuwar dutse a can cikin Jihar Sakkwato ta yanzu. A Gidan Tarihi na Kanta da ke nan Argungu, wanda fadar sarki ce tun 1831 kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1958, akwai masu da takubba da tambura, amma suna jingine ne shiru. Yaron da aka kai ziyara yana ganin mashi, ba ya ganin hannun da ya riƙe shi ko dokin da aka hau da shi. Wanda zai haɗa mashin da hannun da dokin da ganuwar ya fitar da su a shafi ɗaya na littafin firamare, dole ya zama mai kallo sosai kuma mai iya zana abin da ba ya gabansa. Idan ba mu tanadi irin waɗannan ba, littattafan yaranmu za su ci gaba da cika da hotunan da aka tsinto daga intanet, ko waɗanda manhajar kwamfuta ta harhaɗa. Na ga irinsu da aka ce wai masuntan Argungu ne, da rawunan da ba namu ba da tarun da ba a su da shi a Matan Fada. Kuma gaskiyar da ya kamata matasanmu su ji ita ce, mayar da hoto ya zama kamar zanen fensir abu ne da waya ke yi yanzu cikin daƙiƙa, amma sanin yadda Bakabe, mutumin ƙasar Kabi, ke kwantar da cikinsa a kan gora yana iyo da ƙafa, wannan sai wanda ya tsaya a bakin ruwa ya duba ya riƙe.

Akwai yaran da za su ce idan sun rufe ido ba sa ganin komai, kuma kada malami ya ƙaryata su. Masana sun tabbatar akwai mutanen da haka Allah ya yi su, har wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Adam Zeman, ya raɗa wa yanayin suna a 2015. Na koyar da irinsu, kuma na ga suna zana da ka, domin abin da ake buƙata shi ne sanin ginin abu, sai a fara da akwati da gwangwani a takarda, hoton ya riƙa fitowa a gaban ido maimakon a cikin kai.

Roƙona ga malaman zane na jihar nan shi ne, a cikin kowane darasi a ware ko da minti goma a ɗauke tulun daga kan tebur a ce a sake zana shi, wannan karon daga sama ko a kwance. A jarrabawar kammala sakandare akwai sashen da ake ba ɗalibi jigo a ce ya tsara zane daga tunaninsa, kuma na san yadda muke haddace wa yara zane ɗaya na kasuwa su je su juye ko mene ne aka tambaya. Na yi hakan da kaina, kuma ina nadama. Ina kira ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da sauran wuraren da ake horar da malamai, su duba wannan hanya. Masu shirya bikin kamun kifi kuma, tunda hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattali tun 2016, ina ba su shawarar su sa gasar zane ta 'yan makaranta, a bar yara su kalli kamun kifin da idonsu ba waya a hannu, washegari a ba su takarda, a kuma sa tsofaffin masunta cikin alƙalai.

Yaron da na ambata a farko ya dawo bayan wata biyu da takardu sun fi talatin, duk mata masu daka. Na farkon sandararru ne, amma a na ƙarshen akwai wadda ta saki taɓarya sama tana tafi kafin ta cafe, zaninta ya ɗan zame a kafaɗa, kaji biyu na jiran abin da zai fallatsa. Turmin ya yi mata gajarta, na nuna masa, ya ce zai je ya auna na mahaifiyarsa da tsayin ƙugunta ya dawo ranar Asabar.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin zane,
Argungu, Jihar Kebbi.